Sarfun Turanci: Nasiha ga Ɗaliban Kusada da Kankiya

Duk wanda ya zauna da yaran makarantun sakandare na Kusada da Kankiya a lokacin da jarrabawar WAEC ko ta JAMB ta ƙarato, zai tarar kukansu ɗaya ne, wato kalmomin Turanci sun yi musu yawa, ga tsawo ga nauyin faɗa, har yaro ya raba dare yana haddar ashirin, kafin gari ya waye goma sun tsere masa. Wannan kuwa ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, domin ƙasar da 'ya'yanta ke riƙe hizifi sittin a ka ba za a zarge su da daƙiƙanci ba. Illa dai hanyar da aka bi da su ce ba ta da kan gado, sun zama tamkar mai tsintar gero tsaba ɗai-ɗai, alhali ga dami can a jingine.

Maganin abin yana nan a zaurukan malamanmu tun kafin Nasara su shigo Katsina a 1903. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani ya shiga karatun sani, idan ya kai ga ilmin sarfu, malaminsa yakan nuna masa cewa yawancin kalmomin Larabci daga haruffa uku suke tsirowa, ta yadda kaf da ta da ba, waɗanda ke ɗauke da ma'anar rubutu, su ne suka haifi kitabi da katibi da maktaba, kamar yadda hukunci da hakimi da hikima, da muke faɗa kullum a Hausa, duk tsatsonsu guda. Saboda girman wannan fanni ne manyan ƙamusun Larabci, tun daga Kitabul Aini na Halilu ɗan Ahmadu, aka tsara su bisa asalin kalma, kuma Malam Abdullahi na Gwandu ya wallafa Hisnur Rasin a kansa. To, Turanci ma yana da irin nasa sarfun, sai dai saiwoyinsa a ƙasar wasu suke.

Dalili kuwa shi ne, harshen mutanen Ingila asalinsa ɗan'uwan Jamusanci ne, amma ya sha aro har abin da ya ara ya fi abin da ya gada. Latinanci, harshen Rumawa, ya shiga cikinsa tare da masu wa'azin Kirista da suka sauka ƙasar a shekarar 597. Sa'an nan a 1066 Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci, wanda shi ma ɗan Latinanci ne, ya zama harshen fada da shari'a wajen shekara 300. Daga baya kuma, da masanan Turai suka duƙufa ga likitanci da hisabi da ilmin taurari, sai suka riƙa ƙera wa kowane sabon abu suna daga lugar Yunanawa, waɗanda Larabawa suka riga su tarjama littattafansu a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun. Da haka fiye da rabin kalmomin da ke cikin ƙamus na Turanci suka zama 'ya'yan Latinanci da Yunananci, kuma su ne suka cika littattafan makaranta.

Mu ɗauki misali daga bakin titi. Wanda ya tsaya a Gidan Mutum Ɗaya yana kallon manyan motocin da ke kai da komo tsakanin Kano da Katsina, ba zai daɗe ba zai ga an rubuta transport a jikin wata. Kalmar nan gaɓa biyu ce: port, daga Latinanci, ɗauka ke nan, trans kuwa ƙetarewa, wato ɗaukar kaya daga wani wuri a ƙetara da shi wani. Da yaro ya riƙe wannan tushe guda, sai ya canza ɗafa-goshi ya ga export, fitar da kaya waje, da import, shigo da su, da report, ɗauko labari a komo da shi, wanda muka Hausantar muka ce rahoto. Ya canza ɗafa-ƙeya ya sami porter, ɗan dako, da portable, abin da ke ɗaukuwa a hannu. Haka nan bio rai ne, geo ƙasa, photo haske, tele nesa, graph rubutu, logy kuma bayani ko fanni, har ya zamana kalma mai ban tsoro irin photosynthesis ba ta wuce haɗawa da haske ba, wato yadda ganye ke harhaɗa abincinsa da taimakon rana.

Inda fa'idar ta fi bayyana shi ne wajen masu karatun kiwon lafiya, irin ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya, domin lugar asibiti kusan dukkanta Yunananci ce da Latinanci. Duk sunan cutar da ya ƙare da itis, kumburi yake nufi. Saboda haka hepatitis kumburin hanta ne, arthritis na gaɓoɓi, meningitis kuwa na tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, wato sanƙarau da muke fama da shi lokacin bazara. Kuma wajibi ne ɗalibi ya rarrabe tsakanin hyper, wuce ƙima, da hypo, kasawa, gama a kunne sun yi kama, amma a gadon mai ciwon suga ɗaya na nufin suga ya hau, ɗaya ya faɗi, wanda ya rikita su kuwa yana iya ba da maganin da zai halaka mai ciwo.

Amma fa kada a ɗauka tushe yana faɗin gaskiya kullum. Malaman sarfu sun ce akwai ƙiyasi akwai sima'i, wato akwai abin da ake aunawa bisa ƙa'ida, akwai kuma wanda sai an ji daga bakin masu harshe. Septem bakwai ne a Latinanci, amma Satumba wata na tara ne, domin tsofaffin Rumawa daga Maris suke soma lissafin shekara. Malaria kuwa, daga Italiyanci, gurɓatacciyar iska take nufi, saboda mutanen da suna zaton warin fadama ke kawo zazzaɓi, sai a 1897 likita Ronald Ross ya ga ƙwayar cutar a cikin sauro a Indiya, suna kuwa ya riga ya zauna. Haka ƙananan kalmomin yau da kullum, irin su get da put, ba su da wani tushen Rum ko Yunan da za a tono. Waɗannan sima'i ne tsantsa, sai da yawan karatu da sauraro.

Shawarata ga ɗalibi ita ce ya ware littafin rubutu guda, kowane shafi ya ba tushe ɗaya, ya sa ma'anarsa da Hausa a bisa, duk sa'ad da ya ci karo da kalma mai wannan tushe cikin karatunsa ya rubuta ta tare da jimlar da ya same ta a ciki, ya fara yin ƙiyasin ma'anarta da kansa, kana ya buɗe ƙamus ya tabbatar. In ya lazimci tushe biyar a mako, kafin shekarar karatu ta ƙare ya haura 150, kowane kuwa da zuriyarsa. Ga shugabannin makarantu kuma, ya kamata su haɗa malamin Turanci da malamin Larabci su tsara darasi tare, ko da sau ɗaya ne a zango, domin ɗaya yana da kalmomin, ɗaya kuma ya gaji hanyar warware su, yaran kuwa duka biyun suke bukata.