Daga INRAN zuwa Kasuwar Dole: Wa ke biyan kuɗin binciken wake?

Duk mai sayar da wake a Kasuwar Dole ta Zindar, ko a Matamai da Magarya, ya san ɓarnar ƙwaro. A saye wake da araha lokacin kaka, a ajiye shi don jiran tsada, bazara na yi a buɗe buhu a tarar da gari. Wasu kuma su zuba maganin ƙwari, wanda haɗari ne ga mai ci.

Buhun nan mai ɗauri uku, wato PICS, shi ya kawo mana sauƙi. Leda biyu ce mai kauri a cikin buhu. In an ɗaure kowace da kyau, iska ta ƙare wa ƙwaro, ya mutu ba tare da magani ba. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta fito da dabarar, Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da kuɗin yaɗa ta daga 2007. A nan Nijar, masu binciken INRAN na Maraɗi, irin su Ibrahim Baoua, su suka gwada buhun kafin ya bazu kasuwanninmu.

INRAN ita ce hukumar gwamnati mai binciken aikin noma. An kafa ta a 1975, tana da rassa a Kollo, Tawa, Maraɗi da nan Damagaram. Daga hannunta manoma suka samu irin gero HKP mai saurin nuna da irin wake TN5-78.

To, ina kuɗin ke fitowa? Shekara da shekaru, kason gwamnati ya fi tafiya wajen albashi. Kuɗin gwaji a gona, da man mota, da kayan aiki, galibi daga waje suke zuwa. Da shirin Bankin Duniya da ke tallafa wa hukumar ya ƙare a 1998, bincike ya shiga halin ni-'yasu na shekaru.

Hausawa na cewa kwaɗayi mabuɗin wahala, mai dogaro da tukunyar maƙwabci kuwa ba shi da zaɓin lokacin cin tuwo. Mu da ke biyan kuɗin rumfa da haraji muna da bakin tambayar hukuma nawa aka ware wa bincike a kasafin bana. Hajiya mai ƙosai da Alhaji mai kai wake Dawanau a Kano, duk jarinsu na cikin wannan amsa.