Amsoshin Wasiƙunku: Me Ke Sa Kwamfutar Gem Ta Sandare Tana Ƙara?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa da ke sayar da hatsi. Ya ce ya tara 'yan kuɗinsa ya saya wa ƙanensa kwamfuta ta kan tebur, irin wadda ake wasan gem da ita, ya buɗe masa shago inda yara ke biya suna buga ƙwallo. To, ga shi yanzu ta ɗauko wani hali. Ana tsakiyar wasa sai hoto ya tsaya cak, wani lokaci kuma a ji tana wata irin ƙara. Shi ne yake tambaya, shin ta mutu ke nan, ko kuwa da sauran magani?

To malam, kwantar da hankalinka. Sau da yawa abin bai kai ga mutuwa ba. Ka dai san yadda mai noman rani kan gane ciwon injin ban-ruwa daga kukansa, tun bai kwance ko noti ɗaya ba. Haka ita ma kwamfuta take. Kafin ka ɗauke ta zuwa birni, ka kasa kunne tukuna, ka kuma lura da lokacin da abin ke faruwa. Tun ana kunna ta ne, ko sai wasa ya yi nisa? Da tsakar rana ne ko da dare? A kan wutar gari ne, ko sai an tayar da janareta? In ka san amsar waɗannan, ka yi rabin gyara.

Da farko ka bambance inda ƙarar ke fitowa. In daga lasifika take, ka ji "dirrrr" daidai lokacin da hoto ya tsaya, to lasifikarka lafiya lau take. Guntun sautin ƙarshe ne ke ta maimaita kansa saboda kwamfutar ta ƙame. In kuwa daga cikin akwatin take, abubuwan da ke motsi a ciki ba su da yawa: fankoki ne, sai kuma faifan ajiya.

Mu fara da fankoki. Akwai ɗaya a kan furosesa, watau ƙwaƙwalwar kwamfutar. Akwai biyu ko uku a kan katin hoto, wanda shi ke ɗaukar nauyin wasan. Akwai ta cikin akwatin wuta, da waɗanda ke jikin babban akwatin. In ka ji "kar-kar-kar", duba ko wata waya ce ke taɓa fiffiken fanka. In gurnani ne, mai yiwuwa boris ɗinta ya cinye, sai a sake wata, kuma ba ta da tsada. Amma in ka ji duk suna huci kamar iskar hadari, sannan bayan minti goma ko ashirin wasa ya fara ɗingishi ko ya tsaya, to zafi ne ya yi mata yawa.

A ƙasarmu wannan shi ne babban ciwo. Hunturu ya zo da ƙura ta toshe hanyoyin iska, bazara ta biyo baya da zafin da kan wuce digiri 40, ga kuma rufin kwano a kan shago. Shi furosesa an ƙera shi ne ta yadda in zafinsa ya doshi digiri 95 zuwa 100 zai rage gudu da kansa, in abin ya ci tura ya kashe kansa don kada ya ƙone. Akwai wata manhaja ta kyauta mai suna HWMonitor da ke nuna zafin a kan allo, sai ƙanen naka ya riƙa dubawa ana cikin wasa.

Ga maganin. Ka kashe ta, ka zare waya daga bango, ka danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wuta ta fita. Ka buɗe murfin gefe, ka taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin ka taɓa komai a ciki. Sai ka busa ƙurar da bulowa, ka bi da buroshi mai laushi, kana riƙe da kowace fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Ban da ruwa, ban da jiƙaƙƙen tsumma. In ka gama, ka ɗora ta kan tebur ko benci, kada ka bar ta a ƙasa, ka kuma ba ta tazarar kamar taƙi ɗaya daga bango. Kada a rufe ta da zane tana aiki, sai in an kashe. In duk da haka zafin bai sauka ba, akwai wani mai, launin toka, da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen da ke sanyaya shi. Yakan bushe bayan 'yan shekaru, sai mai gyara ya sabunta.

Yanzu ga ƙarar da ba a wasa da ita. In ka ji "ƙyas, ƙyas, ƙyas" a jere, kamar ana ƙyasta ashana, kuma kwamfutar na sandarewa in za ta buɗe wani abu, to faifan ajiya ne, wanda masu gyara ke kira had-dis. A cikinsa akwai faranti mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu da ke karantawa a kansa. Wannan ƙara alama ce ta cewa ya kama hanyar mutuwa. Kada ka ce sai ranar kasuwa. Yau ɗin nan ka kwashe abin da ke da muhimmanci zuwa filash ko wani faifai: lissafin shago, sunayen masu bashi, hotunan iyali. Faifai ana sayen sabo, amma lissafin da ya tafi da wuya ya dawo. In za ka sake, nemi irin wanda ake kira SSD. Babu abin da ke juyawa cikinsa, ya fi sauri, ba ya ƙara. Sai dai shi ma yana mutuwa, kuma shiru yake yi, don haka ajiyar kwafi ba ta faɗi ba.

Akwai kuma wata siririyar ƙara kamar kukan sauro, da kan fito daga katin hoto in wasa ya yi nauyi. Wannan galibi ba ta da illa, sai dai damun kunne.

In kuwa kana kunnawa ta yi ta "fit, fit, fit" babu hoto, tana faɗa maka inda ke mata ciwo ne. Guda ɗaya gajere yawanci lafiya ce. Fiye da haka, ma'anarsa ta danganta da kamfanin da ya ƙera ta, don haka ka ƙirga ka gaya wa mai gyara. Sau da yawa ram ne ya ɗan zame, watau waɗansu siraran alluna da ke riƙe aikin da ake yi a lokacin. Girgizar mota a kan hanyar ƙauye ma ta isa ta jawo haka. A ciro su, a busa ramin, a mayar har a ji sun kama. In biyu ne, a gwada su ɗaya bayan ɗaya, mai laifin zai bayyana.

Sai batun wuta. Kwamfutar gem takan ja wat 300 zuwa 500 in aiki ya yi tsanani. In ƙaramin janareta ne, ga firjin sayar da zoɓo a kansa, duk sa'ad da firji ya tashi wuta kan faɗi, kwamfuta ta sandare ko ta mutu ta sake tashi. Ka raba musu hanya, ka sa mata sitabilaiza, in da hali ka ƙara da UPS mai batir. In ka ji ƙauri ko "fas-fas" daga akwatin wuta, zare waya nan take. Amma fa kada ka kuskura ka buɗe shi, domin yana riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare waya. Sabo ake saye, kuma a nan araha ba ta ado, don maras kyau kan ƙone ya tafi da sauran kaya.

To, me za a yi a daidai lokacin da ta sandare? Kada a mare ta kamar tsohuwar rediyo, duka na kashe faifai. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, in wani allo ya fito sai a rufe wasan daga nan. In ta ƙi, a danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa goma, za ta mutu. In kuma ka lura wasa ɗaya ne kawai ke jawo abin, sauran lafiya, to laifin na wasan ne ko na manhajar katin hoto. A sabunta ta daga kamfanin da ya yi katin, kamar Nvidia ko AMD, a kuma yi hattara da wasannin da ake turawa a kasuwa, don sukan zo da bairos.

In ta kai ga mai gyara, ka gaya masa irin ƙarar da lokacin da take yi. Ka ce ya canza abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu, ya ba ka tsohon da ya cire, kuma kada ya goge ta sai an kwashe kayanka.