Ranar Farko A Makarantar Renon Yara: Damuwar Da Iyaye Ba Su Cika Faɗa Ba

A duk watan Satumba, lokacin da aka buɗe sabuwar shekarar karatu a faɗin Najeriya, ƙofofin makarantun renon yara kan cika da koke-koke. Hankalin kowa yana kan yaron da ya ƙanƙame zanin mahaifiyarsa. Ba a cika lura da ita uwar ba, wadda za ta juya ta nufi ofis ko kasuwa zuciyarta a dagule, ta wuni tana duba waya ko malama ta kira. Shi ma uba yana jin nasa, sai dai yakan ɓoye shi cikin yawan tambaya: an ba shi abinci? Wa zai ɗauko shi?

Rabuwar uwa da ɗa ba baƙon abu ba ce a ƙasar Hausa. Tun asali idan lokacin yaye ya yi, gidan kaka ko goggo ake kai yaro ya yi kwanaki. Amma wancan hannu ne da aka sani. Ma'aikaciyar da ke zaune a Abuja ko Legas ko Fatakwal, nesa da danginta, hannun baƙo take miƙa wa ɗanta, kuma sau da yawa tun yana cikin zanin goyo. Dokar Ƙwadago ta ƙasa ta ba mace hutun haihuwa na mako 12 ne. Ma'aikatan gwamnatin tarayya na samun fiye da haka, wasu jihohi irin su Legas da Kaduna sun mayar da nasu wata 6, yayin da a shekarar 2021 aka amince wa maza ma'aikatan tarayya hutun kwana 14. Ke nan jarirai da dama suna fara zuwa gidan reno kafin su cika wata 6 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da su nonon uwa zalla. Waɗanda suka ɗan tasa kuwa, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta shekarar 2013 ta tanadar musu shekara guda ta share fage kafin shiga firamare.

Akwai kuma wani abu da ke ƙara wa lamarin nauyi, wato kunyar ɗan fari. Uwar da al'ada ta koya wa kada ta ambaci sunan ɗanta na fari, kada ta nuna masa so a gaban mutane, da wane baki za ta ce kewarsa ta hana ta sukuni? Sai ta haɗiye. In ma ta furta, ba za a rasa mai cewa ai ba a kanta farau ba. Gaskiya ne, amma maganar ba ta rage wa mai ɗauke da kaya komai.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da bayyana abin da ke faruwa a bakin ƙofar makaranta. Likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Birtaniya, John Bowlby, ya nuna cewa shaƙuwar jariri da mai renonsa buƙata ce ta halitta, kamar ci da sha. Abokiyar aikinsa Mary Ainsworth, wadda ta fara bincikenta kan iyaye mata da jariransu a ƙasar Yuganda a shekarun 1950, ta gano cewa yaron da ya amince da uwarsa yakan damu idan ta tafi, ya kuma natsu da wuri idan ta dawo. Wannan fargabar rabuwa takan fara ne wajen wata 6 zuwa 8, ta yi ƙarfi a tsakanin wata 10 da 18, sannan ta riƙa raguwa yayin da yaro ke kusantar shekara 3. Don haka kukan safiya ba shaida ba ne cewa an cuci yaro, kuma raɗaɗin da uwa ke ji ɗaya ɓarin wannan shaƙuwar ce.

Abin da ya fi cin iyaye mata a rai shi ne zargin kai: ko yaron zai ɗauka an yasar da shi, ko zai fi sabawa da mai reno. Wani babban bincike da aka fara a Amurka a shekarar 1991, wanda ya bibiyi yara sama da 1,300 tun daga haihuwa, ya duba wannan batu. Ya gano cewa kai yaro wurin reno shi kaɗai ba ya raunana shaƙuwarsa da uwa. Abin da ya fi tasiri shi ne yadda uwar ke fahimtar buƙatunsa tana amsa su a lokacin da suke tare. Matsalar ta fi bayyana ne inda rashin kulawa a gida ya haɗu da renon da ba shi da inganci.

Duk da haka, ba daidai ba ne a ce yaro ba ya jin komai. Binciken da Lieselotte Ahnert da abokan aikinta suka wallafa a shekarar 2004 kan yara 70 masu wata 15 a birnin Berlin na Jamus ya nuna cewa sinadarin da jiki ke saki idan an shiga matsi, wato kotizol, ya ƙaru sosai a jikinsu a kwanakin farko na rabuwa. Amma yaran da iyayensu mata suka ɗauki ƙarin kwanaki suna zama tare da su a makarantar kafin su fara barin su, shaƙuwarsu ta ɗore, ta wasu ma ta ƙara ƙarfi. Makarantu da yawa a Najeriya ba su saba da wannan tsari ba. A bakin ƙofa ake karɓar yaro a ce wa uwa ta tafi. Babu laifi iyaye su nemi a bar su su zauna na ɗan lokaci a ranakun farko, ko a fara da awa biyu kafin a kai ga wuni. Yadda hukumar makaranta ta karɓi wannan roƙo ma yana faɗa wa iyaye wani abu game da ita.

Lokacin sallama shi ne wurin da halin da iyaye ke ciki ya fi shafar yaro, domin fuskar babba yake dubawa kafin ya yanke hukunci kan baƙon wuri. Idan ya ga uwa tana tafiya tana dawowa, idonta ya ciko, sai ya fahimci akwai abin tsoro. Gajeriyar sallama ta fi: a rungume shi, a yi masa addu'a, a faɗa masa lokacin dawowa da ma'aunin da ya sani, kamar bayan ya ci abincin rana, sannan a tafi. Dabarar sulalewa idan hankalinsa ya ɗauku, ko ta cewa za a je asibiti a yi allura, ko za a sayo alawa yanzu a dawo, tana sauƙaƙa wa babba fita a ranar, amma tana koya wa yaro cewa ana iya ɓace masa ba sanarwa. Gobe sai ya ƙara riƙe zani da ƙarfi. Hawayen uwa kuwa, in sun zo, su jira a fita daga harabar.

Wajibi ne kuma a bambance kewa da tsoro mai dalili. Kewa lokaci ne maganinta. Tsoro kuwa bincike yake buƙata, kuma iyayen Najeriya suna da hujjar yinsa. Ba a manta da yarinya 'yar shekara 5 da mai makarantarsu ya sace a Kano a ƙarshen shekarar 2021 ya kuma hallaka ta ba, lamarin da ya kai kotu ta yanke masa hukuncin kisa a 2022. Iyaye su tabbatar makaranta tana da rajista da ma'aikatar ilimi ta jiha. Su san yara nawa ne a hannun mai reno guda, su leƙa banɗaki da wurin kwanciya, su ga ruwan da ake sha. Su tambayi ƙa'idar miƙa yaro idan an tashi, su ba da sunayen waɗanda kaɗai aka yarda su ɗauke shi. Makarantar da ke hana iyaye leƙowa ba tare da sanarwa ba, abin a sake tunani ce. Uwar da ta samu gamsassun amsoshi kan waɗannan, za ta ga rabin nauyin ya sauka, abin da ya rage kewa ce kawai.

Ita ma kewar tana da hanyoyin sassautawa. A yi yarjejeniya da malama kan saƙo guda a tsakiyar wuni, maimakon kira kowace awa. Miji da mata su riƙa karɓa-karɓa wajen kai yaro idan hali ya yi. Uwar da ke zaman gida, wadda shirun ɗaki zai fi damu, ta tanadi abin da za ta yi da waɗannan awoyi tun kafin ranar ta zo. Kada kuma a firgita idan yaro ya fashe da kuka lokacin ɗauko shi, ko ya yi rigima da yamma. Gajiyar wuni yake saukewa a wurin wanda ya fi amincewa da shi. Yawan mura a watannin farko ma abu ne da aka saba gani idan yara suka fara cuɗanya, abin kula dai a tabbatar rigakafinsa ya cika.

Inda ya kamata a nemi taimako shi ne idan damuwar uwa ko uba ta wuce mako 2 tana hana barci, cin abinci ko aiki, musamman ga matar da ba ta daɗe da haihuwa ba, domin ciwon damuwa na bayan haihuwa kan iya fakewa a nan. Haka kuma idan yaro ya shafe kusan mako 4 bai fara sakewa ba, yana kuka wuni guda, yana ƙin abinci ko yana razana da wani mutum takamaimai, a zauna da hukumar makarantar, a kuma kai shi wurin likitan yara.