TURMI DA RUMBU: ABIN DUBAWA KAFIN A SAYI SABUWAR WAYA A DAURA

Duk wanda ya ɗan tsaya a bakin shagunan sayar da wayoyi a cikin birnin Daura, musamman a ƙarshen wata sa'ad da albashi ya shiga hannu, zai lura cewa ciniki ya fi tsayawa a kan abu uku, watau kuɗin wayar, da ƙarfin batirinta, da kyan hoton da take ɗauka. Mai saye zai juya ta ciki da bai, ya ƙirga idanun kyamarar da ke bayanta, ya zaɓi launi, a yi tayi a sallama. Amma akwai waɗansu lambobi guda biyu da akan rubuta a jikin kwali, waɗanda galibi ba a waiwayarsu sai bayan 'yan watanni, lokacin da wayar ta fara nauyi, tana tsayawa cik a tsakiyar aiki, tana kuma aiko da gargaɗin cewa wuri ya cika. Lambobin nan su ne ke nuna girman ƙwaƙwalwar wayar, wadda 'yan kasuwa ke ce wa memori.

Shin ƙarancin wannan ƙwaƙwalwa ya isa ya sa mutum ya fasa sayen sabuwar waya, ko kuwa ƙorafin masu son burga ne kawai? Ga ma'aikacin gwamnati da ɗalibi, ko shakka babu ya isa, har ma ya cancanci a sa shi gaba da maganar kyamara.

Dalili na farko shi ne aikin waya ya sake. Sa'ad da aka fara wayar salula a Nijeriya cikin 2001, abin da ake bukata kira ne da ɗan gajeren saƙo, katin layi kuwa da kansa yakan riƙe sunaye kamar 250, don haka ba wanda ya damu da ƙwaƙwalwa. Yau zance ya bambanta. Ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023, bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sake fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, ya tilasta wa jama'a da dama koyon tura kuɗi ta waya, tun daga masu shaguna a cikin gari har zuwa dillalan shanu na kasuwar Mai'adua. Har ila yau Daura ta zama garin ɗalibai. Ban da Kwalejin Yusufu Bala Usman, an kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 2019, a ƙarshen wannan shekara kuma marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya. Ɗalibin da ba shi da kwamfuta, wayarsa ce ɗakin karatunsa. A cikinta yake karɓar darussa, ta nan yake duba gurbin da hukumar JAMB ta ba shi, ta nan kuma yake neman rancen karatu na Gwamnatin Tarayya, wanda aka fara karɓar masu nemansa ta intanet a watan Mayu na 2024. Ma'aikaci kuwa, sau da yawa sanarwar ofis takan riske shi a WhatsApp tun kafin ta iso teburinsa.

Iri biyu ce

Ƙwaƙwalwar waya iri biyu ce, kuma rashin rarrabe su shi ne mafarin kuskure. Akwai wadda ake kira ram, akwai kuma ma'aji. Dukansu da giga ake auna su, giga ɗaya kuwa kimanin mega 1,000 ne. In za a kwatanta da gidan manomi, ma'aji shi ne rumbu, inda ake zuba hotuna da bidiyo da takardu da manhajoji, su zauna daram ko da an kashe waya. Ram kuwa turmi ne. Duk aikin da waya za ta yi, sai ta ɗebo daga rumbu ta zuba a cikinsa tukuna. Komai girman rumbu, in turmi ƙarami ne, sai an yi ta kwashewa ana sake zubawa, ba kuwa za a ci tuwo da wuri ba.

Ga yadda abin yake bayyana. A ce malamin makaranta a Sandamu zai tura wa iyalinsa kuɗin cefane. Ya buɗe manhajar banki, ya rubuta lambar asusu da adadin kuɗi, sai banki ya aiko masa da lambar tabbatarwa ta saƙo. Ya fita ya karanto lambar, kafin ya komo wayar ta riga ta rufe manhajar bankin domin ta samar wa akwatin saƙo wuri a turmi. Sai ya sake daga farko, a sake aiko da wata lamba, a sake yin haka. Ko kuwa ɗaliba ta shafe rabin sa'a tana cike fom, aka zo wurin ɗora hoto, ta buɗe kyamara ta ɗauka, da ta waiwayo sai ta tarar shafin ya koma fari fat. Galibi akan ɗora laifin a kan rashin sabis, alhali kuwa a lokuta da yawa turmin ne ya kasa ɗaukar aiki biyu a lokaci guda. Wannan ciwo ne na wayoyi masu ram giga 2 ko 3, kuma ba ya jin magani, domin ram a like take da allon cikin waya tun daga masana'anta. Mai gyara zai iya sake gilashi, ya sake batir, ya sake bakin caji, amma ƙara ram ba aikin da ake yi a benci ba ne.

Shi ma rumbun ba a samunsa cif yadda aka rubuta. Wayar da kwalinta ya ce giga 64, manhajar da ke tafiyar da ita, tare da waɗanda kamfani ya zuba tun kafin a sayar, sukan cinye giga 10 ko fiye. Abin da ya rage kuwa ba ya daɗewa a ƙasar da ake da Sallar Gani da hawan Sallah. Bidiyo mai kyau na minti ɗaya yakan iya cin mega 100 ko kusa da haka, watau wanda ya tsaya a ƙofar fada ya ɗauki dawaki da 'yan bindiga na minti goma ya ba da kimanin giga guda ke nan. Ga tafsirin azumi, ga finafinan Hausa da ake turawa daga waya zuwa waya, ga zaurukan WhatsApp na dangi da na ofis da na tsofaffin ɗalibai, inda bidiyo ɗaya yakan shigo sau uku daga wurare uku. A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince a ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100, wannan kuwa ya ƙara wa mutane dalilin adana abu a waya maimakon su sake sauko da shi. Ashe ke nan mai ƙaramin ƙarfi ya fi mai hali bukatar babban rumbu, ga shi kuma shi ne akan sayar wa ƙarami.

Huɗu da huɗu ba takwas ba ne

Akwai wani rubutu da ya yawaita a kwalayen sababbin wayoyi wanda ya kamata a yi hattara da shi. Za a ga an rubuta 8GB da manyan baƙaƙe, can ƙasa kuma da ƙanana an sa 4+4. Ma'anarsa ita ce ram ta ainihi giga 4 ce, sauran 4 ɗin aro ne aka yi daga ma'aji. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai yin Tecno da Infinix da Itel, waɗanda su ne suka fi yawa a hannun jama'a, yana da wannan dabara a wayoyinsa, Samsung ma yana da tasa mai suna RAM Plus, haka sauran kamfanoni. Dabarar ba ƙarya ba ce, tana ɗan taimakawa wajen jingine manhajar da ba a aiki da ita. Amma matsayinta matsayin ƙwarya ne da aka ajiye a gefen turmi da tsaba a ciki tana jiran layi. Ba a daka a ƙwarya. Gudun ram ya ninka na ma'aji sau da yawa, bugu da ƙari giga 4 ɗin nan da aka aro an rage su ne daga rumbun da da ma bai isa ba. Saboda haka wanda zai kwatanta waya biyu, lambar farko kaɗai zai duba.

To, ai akwai katin memori, in ji wani. Gaskiya ne, kuma yana da amfani, sai dai iyakarsa hotuna da bidiyo da waƙoƙi da takardu. Galibin manhajoji ba sa yarda su zauna a kati, WhatsApp ma a cikin rumbun waya yake tara kayansa. Akwai kuma jabun kati da yake nuna babbar lamba alhali cikinsa kaɗan ne, sai an zuba masa kaya sun wuce ƙarfinsa sannan hotuna su ƙi buɗewa. Wani abin da ya shafi mutanen wannan masarauta musamman shi ne mazaunin katin. A waɗansu wayoyi rami ɗaya ne aka yi wa layi na biyu da katin memori, sai mutum ya zaɓi ɗaya. Ɗan kasuwar da ke ratsa Kongolam zuwa Matamaye ko Damagaram, wanda ba ya rabuwa da layin Nijeriya da na Nijar, in ya faɗa wa irin wannan waya to ya yi sallama da kati. Ya kamata a zaro mazaunin a gani da ido ko rami uku ne. Manyan wayoyi kuwa da yawansu sun daina karɓar kati sam. Samsung ya cire shi daga Galaxy S21 a 2021, iPhone kuwa tun asali ba ta da shi.

Dalili na biyu da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne tsada. Kafin Yunin 2023 ana canjin dalar Amurka a hukumance a kan kimanin Naira 460, amma a cikin Fabrairun 2024 ta haura Naira 1,500, wayoyi kuwa kusan duk daga waje ake shigo da su. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 Naira 70,000 ne, kuɗin da bai kai na waya mai matsakaicin ƙarfi ba. Ma'aikacin da ya yi adashi ya sayi waya ba zai sake ta baɗi ba, shekara uku ko huɗu zai yi da ita, manhajoji kuwa kullum ƙara ƙiba suke yi. Kamfanin Google da kansa ya ɗaga sharaɗi: daga Android 15, sabuwar wayar da za ta fito da manhajojinsa dole ma'ajinta ya kai giga 32, a da kuwa 16 ne. Hatta masu tsada ba su tsira ba, domin a 2024, sa'ad da Apple ya fito da sababbin ayyukansa na ƙirƙirarriyar basira, iPhone 15 mai ram giga 6, wadda ba ta fi shekara guda a kasuwa ba, ba ta samu ba, sai 'yar'uwarta 15 Pro mai giga 8.

Wanda kuma yake jiran memori ta yi araha, ya san cewa a ƙarshen 2025 farashinta tashi ya yi a duniya. Kamfanoni uku ne ke yin mafi yawan ram, watau Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka, kuma sun karkata ga manyan cibiyoyin kwamfuta na ƙirƙirarriyar basira, inda riba ta fi tsoka. A Disamban 2025 Micron ya ba da sanarwar zai daina sayar da kayansa masu suna Crucial ga ɗaiɗaikun masu saye. In kayan haɗi suka yi tsada, mai ƙera ƙaramar waya ko dai ya ƙara kuɗi, ko ya rage abin da ido ba ya gani ya bar kwali da ƙyallinsa. Don haka kada a ɗauka cewa samfurin bana ya fi na bara ƙwaƙwalwa don kawai shi ne sabo.

Amma fa ba kowa wannan hukunci ya hau ba. Dattijon da ke ƙauyen Baure ko Zango, wanda bukatarsa kira ce da saƙon murya da sauraron karatu, in ya fifita batir mai daɗewa a kan ram ya yi daidai, musamman inda sai an biya kuɗi a wurin mai caji. Domin irinsa ne Google ya fito da Android Go a 2017, mai sauƙin nauyi, akwai kuma ƙananan manhajoji irin su Facebook Lite. Ƙaramar waya ba aibi ba ce ga wanda ya san abin da ya saya, kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Ɓarnar tana ga ɗalibi ko akawu da zai biya kuɗin idanun kyamara uku, ya ɗora wa turmi mai giga 3 aikin banki da na makaranta da na ofis. Ga irin waɗannan, ram ta ainihi giga 4 ita ce ƙasan ƙasa, 6 ta fi kwanciyar hankali, ma'aji kuwa 128, ko 64 in akwai ramin kati na daban. In kuɗi ya gaza, a rage a kyamara da adon baya.

Waɗansu sukan gwammace tsohuwar babbar waya daga kasuwar Farm Centre ta Kano a kan sabuwar ƙarama. Akwai hikima a ciki, sai dai a duba lafiyar batir da kuma shekarun manhajar da ke tafiyar da ita, domin a Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ba su kai Android 5 ba, kuma irin wannan yankewa takan sake zuwa.

Ko sabuwa ko tsohuwa, ba a cinikin biri a sama. A kunna wayar a gaban mai shago, a shiga saiti, a buɗe wurin bayanin waya, a ga ram nawa ce ban da ta aro, a ga kuma giga nawa ne ya rage a ma'aji. A buɗe manhaja uku ko huɗu, a yi ta komawa daga wannan zuwa waccan, a ga ko suna farawa daga farko. In an gamsu, a roƙi mai shago ya rubuta lambobin nan biyu a kan rasiɗi tare da lambar jikin wayar, ya sa hannu da kwanan wata.