Tsintar Shinkafa a Gaban Kwamfuta

Duk wanda ya tashi yana cin shinkafar gida, kafin injinan cire tsakuwa su yawaita, ya san zaman tsinta. Uwargida za ta zube mudu a faifai, ta tara shi gefe guda, tana janyo ƙwayoyin kaɗan-kaɗan da ɗan yatsa. Baƙar tsakuwa ba ta ba ta wahala, ko yaro zai gan ta. Farar ce abin tsoro, wadda ta saje da shinkafa, ba a sanin tana nan sai ta gamu da haƙorin maigida.

Irin wannan zaman ne ake koya wa ɗalibin da ya ɗauki kwas ɗin shigar da bayanai da sarrafa manhajojin kwamfuta. A Amurka kwalejojin al'umma masu karatun shekara biyu ne suka fi koyar da shi. A nan gida yana cikin diflomar harkokin ofis a makarantu irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Makonnin farko na hannu ne: a ɗora manuniya biyu a kan F da J, maɓallan da aka yi wa ɗan tudu don yatsa ya gane mazauninsa ba sai ido ya leƙo ba. Daga nan a shiga Word, a wuce Excel.

A Excel ɗin nan ne fararen tsakuwoyi suke. Ka rubuta lambar waya mai farawa da 080, manhajar ta haɗiye sifilin farko don ta ɗauka lissafi kake yi, lambobi 11 su koma 10. Ka rubuta 03/04/2005 kana nufin 3 ga Afrilu, kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka ta karanta 4 ga Maris. Kuma allon zai fito tsaf, babu jan layi, babu gargaɗi. Ga kuma sunayenmu: Muhammad a takardar haihuwa, Mohammed a sakamakon jarrabawa, Muhammadu a banki, alhali mutum ɗaya ne.

Da a takarda abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma tun 2014 asusun banki ke tafiya da lambar BVN, tun 2021 kuma JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN. Harafi ɗaya ya saɓa, yaro ya shiga safa da marwa, har da zuwa kotu neman takardar rantsuwa, a kan kuskuren da wani ya yi cikin daƙiƙa guda.

Shi ya sa nake jin takaici idan na ji tambayar da ake fara yi wa mai neman wannan aiki ita ce kalma nawa yake bugawa a minti. Sauri na da ranarsa, musamman in layi ya kai bakin ƙofa. Amma na fi son malami ya raba ɗalibai biyu-biyu, ɗaya na karanto fom da ƙarfi, ɗayan na bin allo, ya kuma ba da maki a kan kuskuren da suka kamo. Ya nuna musu yadda ake mayar da gurbin lambar waya na rubutu tun kafin a fara cikawa. Ya kuma saba musu da cewa in rubutun fom bai fita ba, ba a cankar 1 ne ko 7. A ɗago kai a tambayi mai shi tun yana tsaye a gaban tebur.