Ƙarancin Kuɗi da Tauye Lokacin Duban Taurari: Misali daga Amurka

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. A cikin wannan ɗan taƙaitaccen bayani za mu duba yadda rage kuɗi yake tauye wa masana ilmin taurari lokacin da suke samu a manyan tashoshin binciken sararin samaniya. Za mu kafa hujja da tashoshi biyu na Amurka, watau Green Bank da Arecibo.

Yadda Ake Rabon Lokaci

Da farko ya kamata mai karatu ya san cewa babbar na'urar hangen taurari ta fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya, har ma da jami'a ɗaya. Saboda haka gwamnati kan gina ta, masana kuma su yi karo-karon amfani da ita. Duk mai bukata yakan rubuta takarda ya bayyana abin da zai bincika da yawan awoyin da yake so, sa'an nan kwamitin masana ya zauna ya tace, ya zaɓi waɗanda suka fi cancanta. Ko a lokacin wadata, masu nema sun fi awoyin yawa. Kowace awa kuwa kuɗi ce: albashin injiniyoyi, da wutar lantarki, da sanyaya na'urori, da gyare-gyare. Idan kuɗi ya ragu, sai tasha ta sallami ma'aikata, ko ta ajiye wasu na'urori, ko ta sayar da awoyinta.

Green Bank

Wannan tasha tana jihar West Virginia. Na'urarta, wadda aka ƙaddamar a 2000, faifai ne mai faɗin kimanin mita 100 da ake juyawa kowace fuska don kama saƙonnin rediyo daga samaniya. A 2012 wani kwamiti ya shawarci Hukumar Kimiyya ta Amurka, wadda ake kira NSF, da ta janye hannunta daga ɗaukar nauyinta. Ba a rufe tashar ba, amma kason hukumar ya ragu ƙwarai, har a 2016 tashar ta koma cin gashin kanta tana neman masu sayen lokaci. Shirin Breakthrough Listen, wanda attajiri Yuri Milner ya kafa a 2015 da dala miliyan 100 don neman alamun halittu masu hankali a wasu duniyoyi, ya sayi wajen kashi 20 cikin 100 na lokacin na'urar. Wannan ciniki ya ceci tashar, sai dai awoyin da ake buɗe wa kowa bisa cancanta sun ragu. Iya kuɗinka, iya shagalinka.

Arecibo

Ita kuwa wannan tana tsibirin Puerto Rico. An buɗe ta a 1963, faɗin faifanta mita 305. A nan ne Hulse da Taylor suka yi binciken 1974 da ya jawo musu lambar Nobel a 1993. Duk da haka, a 2006 aka ba da shawarar rage mata kuɗi, a 2017 kuma NSF ta tsara zaftare kasonta na shekara daga wajen dala miliyan 8 zuwa miliyan 2. A ran 1 ga Disamba 2020, bayan tsinkewar igiyoyin ƙarfe, dandamalinta mai nauyin tan 900 ya rikito ya farfasa faifan. Masu bincike sun danganta haɗarin da lalacewar mahaɗan igiyoyin, amma a 2022 hukumar ta bayyana ba za ta sake gina shi ba. Masanan da suka dogara da ita sai suka ƙaru a layin sauran tashoshi.

Kammalawa

Wanda ya fi shan wahala a nan shi ne ɗalibi mai neman digirin dakta, domin shekarun karatunsa ƙidayayyu ne, kuma in bai sami awoyi ba babu kundi. Har wa yau, akwai binciken da sai an yi shekaru goma sha ana auna tauraro ɗaya ba fashi, ga kuma abubuwan da kan bayyana a sama sau ɗaya su wuce. Na'urar da ta lalace ana iya gyara ta in kuɗi ya samu, amma daren da aka rasa ya tafi ke nan.