Mako Guda a Gidan Andy Capp

A ranar 5 ga Agusta, 1957, jaridar Daily Mirror ta Ingila ta fito da zanen wani gajeren mutum, hula ta rufe masa idanu, taba maƙale a leɓe. Sunansa Andy Capp, mazaunin Hartlepool, wani garin ma'aikata a arewa maso gabashin ƙasar. Mai zanen, Reg Smythe, ɗan garin ne, kuma bai ajiye alƙalami ba sai da ya mutu a 1998. Abubuwan dariyar ba su da yawa, juya su ake yi shekara da shekaru kamar waina a tanda. Bari mu jera su bisa kwanakin mako, mu ga wa ke riƙe da gidan.

Litinin. Duniya ta fita nema, Andy na kwance a doguwar kujera, ya juya wa mai karatu baya. Matarsa Flo ta ɗaura kallabi ta tafi aikatau, tana goge daɓen gidajen mutane. Shi kuwa a ganinsa ya yi nasa ƙoƙarin, tunda bai tare mata ƙofa ba.

Talata. Percy mai karɓar kuɗin haya ya ƙwanƙwasa. Gida ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Bawan Allah nan ya yi shekaru yana sintiri da littafinsa, ribar da ya samu ita ce sanin hanya.

Laraba. Ranar ciniki. Andy na neman rance wurin Flo, daga cikin kuɗin da ta samo da guminta, don ya kai wa Jackie mai sayar da giya. In lallashi ya ƙi, jakarta ba ta da kwaɗo. Abokinsa Chalkie na jiransa, ka san abokin ɓarawo.

Alhamis. Limamin coci ya tare shi a hanya da nasiha. Andy ya saurara cikin ladabi, ya gyaɗa kai, ya wuce inda ya nufa tun farko. Wa'azi ya shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu, bai ko taɓa hular ba.

Juma'a. Surukarsa ta kawo ziyara. Ba a taɓa nuna fuskarta ba, maganarta kawai ke fitowa daga gefen zane. Ita ce ke faɗa masa gaskiya ba kwana-kwana, shi ya sa ya fi tsanarta da kowa.

Asabar. A nan kaɗai ake ganin guminsa. Mutumin da bayansa ke ciwo da zarar an ambaci aiki, ga shi a filin ƙwallo yana sharar ƙafafun mutane, har alƙalin wasa ya kore shi. Tantabarunsa na tsere kuwa sun fi matarsa samun kulawa. Da tsakar dare ya dawo yana tangaɗi, wani sa'in a jiƙe don ya faɗa magudanar ruwa, Flo na bayan ƙofa da muciyar murza fulawa.

Lahadi ranar hisabi ce, kuma a nan ya kamata dariya ta ɗan tsagaita. A shekarun farko, dukan da Andy ke yi wa Flo yana cikin abin da ake sa mutane su yi wa dariya. Da tafiya ta yi nisa aka daina, domin masu karatu sun daina ganin raha a ciki, shi kansa Smythe ya nuna nadama. A 1983 tabar ma ta ɓace daga bakinsa. Abin da bai ɓace ba shi ne kujerar. An hana shi duka, an hana shi taba, amma ba wanda ya ce ya tashi ya nemi na cefane.

Wannan ne ya sa zanen bai tsufa ba. Al'umma kan yi saurin ƙyamar laifin da ke barin tabo a fuska, ta yi shiru kan wanda ke cinye ƙarfin mace a hankali. Namijin da ya sakar wa matarsa ci da sha da haya, ya riƙe sunan maigida, har gobe ana ɗaukarsa gwanin ban dariya, alhali zalunci yake yi cikin ruwan sanyi.

An ce Smythe ya ɗauko halin Andy daga mahaifinsa, sunan Flo kuma daga mahaifiyarsa, Florence. Ke nan ya san zafin abin tun daga gida, ya mayar da shi raha don ya haɗiyu. A 2007 mutanen Hartlepool suka kafa wa Andy mutum-mutumi. Wadda ta ciyar da shi shekara hamsin ba a kafa mata komai ba. Tura ta kai bango a gidan tun tuni, mai karatu ne kawai bai lura ba, don dariya ta rufe masa ido kamar yadda hula ta rufe na gogan.